Rasuwar Goggo a Cikin Kwandon Mangwaro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɓacin rai da ban saba ɗauka ba, ni Malama Judith Timoti, mai koyar da darasin noma a wata sakandare da ke Barade a nan Jalingo, nake sanar da ɗalibaina na da da na yanzu, da abokan aikina malamai, da mata masu sayar da kayan marmari a ƙofar makarantarmu, rasuwar na'urarmu mai gane nunar 'ya'yan itace, wadda kowa ya fi sani da Goggo. Ta rasu ana gab da Ista, tana cikin shekararta ta huɗu a hannunmu.

Kafin in ɗauki alƙalami dangin mijina sun zauna a kan wannan sanarwa. Sun roƙe ni in rubuta cewa marigayiyar ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, in sa aya a nan. Sun ce in na wuce nan, to in nemi fuskar da zan shiga gidan surukaina da ita ranar Kirsimeti. Na saurare su, na yi godiya, domin a cikinsu akwai waɗanda suka yi jika da ni. Amma Goggo ba ta yi rashin lafiya ba, gajeriya ko doguwa. Kashe ta aka yi. Zan faɗi yadda aka yi, a tsanake, kamar yadda nake koya wa yara su rubuta abin da idonsu ya gani a gonar makaranta, ba abin da suke so a ce sun gani ba.

Marigayiyar ta zo mana daga Zariya a cikin ƙaramin kwali, ta hannun wani direban motar haya. Abbo ne ya aiko ta, tsohon ɗalibina, wanda a zamaninsa ya fi kowa barci a aji, yau kuma shi ne mai binciken 'ya'yan itace. Girmanta bai wuce na sabulun wanki ba. Launinta na toka, tana da ido ɗaya a ƙasa, maɓalli ɗaya a sama, da ɗan gilashi mai nuna lamba. Za ka manna idonta a jikin mangwaro ko gwanda ko piya, ka danna, sai ta aika haske cikin naman, ta auna zaƙin da ke ciki ba tare da an yanka ba. In ya nuna, ta kunna kore ta ce ƙit. In bai nuna ba, ta kunna ja ta ce ƙit-ƙit. Iyakar maganarta ke nan a duniya. A ajina akwai Mumuye, akwai Fulani, akwai Jukun da Jenjo da 'yan Kona, Hausar kowa da irin tata, amma ban taɓa ganin yaron da ya nemi a fassara masa Goggo ba.

Wata ɗalibata mai suna Hamna ce ta raɗa mata sunan. Ta ce halinta ɗaya da ƙanwar babanta, wadda za ta dube ka cikin sabon ɗinkinka na salla ta ce wuyan ya karkace. Ajin ya yi dariya, sunan ya zauna.

Halayenta na kirki suna da yawa, ba zan iya kawo su duka ba. Ba ta duban launin fata. Ba ta san wane ne mai kaya ba. Ta taɓa cewa ƙit-ƙit a kan gwandar da shugaban makaranta ya kawo daga gidansa yana alfahari, kuma ba ta rage murya ba don yana tsaye. Cinta kaɗan ne, caji ɗaya yakan kai ta mako. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne ba ta san kankana ba, kuma ba ta taɓa yin kamar ta sani ba. Ɓawon ya yi mata kauri. In an ɗora ta a kai sai ta nuna layi biyu a gilashinta ta yi shiru. Na sha nuna wa yara wannan shirun ina cewa su koya.

Babban aikinta a lokacin mangwaro yake. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san yadda ake yi da zafi ya fara: farkon mangwaro yana da tsada, sai wasu su kakkaɓo shi ɗanye, su jera a kwando, su ƙunshe kabaid a takarda, wato dutsen nan da masu walda suke jiƙawa su sami wuta, su cusa a tsakiya, su yayyafa ruwa, su lulluɓe da buhu su ɗaure. Ciki ya ɗauki zafi da tururi. Bayan kwana biyu ko uku a buɗe, ga mangwaro rawaya shar kamar an shafa masa fenti, cikinsa kuwa ɗanye, ga tsami, ga wani ɗanɗano mai kama harshe. Kowace shekara a irin wannan lokaci nakan rasa yara a aji, wannan ciwon ciki, wancan baki ya yi gyambo. Ni ba likita ba ce, ban ce ga dalili ba. Na dai lura da lokacin da abin yake zuwa. Goggo kuwa ba ta ruɗuwa da rawaya. Nakan ajiye mangwaro biyu a tebur, ɗaya kore-kore wanda ya nuna a kan uwarsa, ɗaya rawaya mai ɗaukar ido, in ce yara su zaɓa. Duk su nuna rawayan. Sai Goggo ta ce masa ƙit-ƙit, ta ce wa koren ƙit, mu yanka mu gani. Darasin da na yi shekaru ina yi da alli bai shiga ba, ita ta shigar da shi da sauti biyu.

Ba kowa ne ya so ta da farko ba. Hajiya Aisatu, shugabar mata masu tire a ƙofar makaranta, ranar da ta fara ganin yara sun fito da ita lokacin tara, sai ta rufe tirenta da gyale.

“Useni, don Allah, Malama, ki ɗauke wannan abu naki daga kan kayana. Ni na shuka? Yadda aka sayar mini haka na kawo.”

Gaskiya ta faɗa. Daga baya ita ce ta riƙa zuwa da asubar Asabar ta tsaya a ƙofar gidana a Majidaɗi, mu tafi tare wurin masu sari, Goggo tana cikin jakata. Abin da ta ce masa ƙit, Hajiya ta saya. Abin da ta ce masa ƙit-ƙit, Hajiya ta ce, “Goggo ta ƙi, ni ma na ƙi,” ta wuce. Rumfa ɗaya ce kawai ba mu taɓa gwadawa ba, rumfar Yaya Simeon da ke kusa da gadar Mayo Gwoi, domin ba a kai ma'auni gidan suruki.

Yaya Simeon wan mijina ne. Tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba a gidan. Shi ya jagoranci dangi zuwa neman aurena, shi ya raɗa wa 'yarmu Murna suna. Ba na cin abinci a gabansa, ba na gaishe shi a tsaye, ba a taɓa jin na ce masa a'a ba. Dattijo ne a ikilisiyarmu, kuma duk ranar godiyar girbi kwandonsa ne ya fi na kowa girma a gaban bagade. In aka tambaye shi kayansa yakan ɗaga yatsa sama ya ce, “Nawa na kan bishiya ne. Allah ne ya nunar, ni ɗauka kawai na yi.” Mafi yawan mangwaron da ake sayar wa yaranmu daga rumfarsa yake fitowa.

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada ya biyo mu gida. Ya sha ruwa, ya tambayi Murna karatu, sannan ya ce, “Matarmu, wannan injin naki da ake labari, ki ba ni shi kwana biyu. Kaya na zuwa mini daga ƙauye, ina so in tantance.”

Goggo ba ta taɓa kwana a hannun wani ba. Doka ce da na kafa, shugaban makaranta ma ya san da ita. Na dubi mijina, Baban Murna, shi kuma ya dubi ƙasa. Na shiga ɗaki na ɗauko ta cikin jakarta, da tsumman goge idonta, da wayar cajinta. Na durƙusa na yi bayani sau biyu, a hankali, irin yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya: ba ta son ruwa, ba ta son zafi, ba ta son ƙura, a danna a saki, kada a riƙe. Ya ce, “Na ji, Malama, ko za ki ba ni jarrabawa ne?” Aka yi dariya, ni ma na yi. Har na ji daɗi a raina, na ce ga babban ɗan kasuwa ya fara neman gaskiyar kayansa.

Kwana biyu suka zama mako. Ranar da ta dawo, a baƙar leda ta dawo, ba jaka, ba tsumma. Ya ajiye ta a kan tabarma ya ce, “Injinki ya gaji. Kayan Turawan nan ba su da ƙarfi.” Na danna, ba kore, ba ja. Na sa caji, ba motsi. Jikinta yana wari kamar ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, kuma a gefen maɓallin akwai wani zane da ya zagaye ta kamar an ɗaure ta da igiya.

Na kai ta asibiti, wato shagon Siddiq mai gyaran waya a babbar kasuwa, wanda ya taɓa ceto ta sau ɗaya da bakin cajinta ya sassauta. Ya kwance ta a gabana. Cikinta ya yi kore da tsatsa, batirin ya kumbura kamar ƙosai, wani farin gari ya toshe idon. Ya shinshina, ya dube ni.

“Malama, wannan ba gajiya ba ce. A garejin walda aka kwana da ita?”

Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya wanke, ya busar, ya canja batir. Da yamma ya mayar da dunƙulen sassanta cikin kwali ya ce in yi haƙuri. Bai karɓi ko sisi ba.

Washegari na tafi Mayo Gwoi. Na sami Yaya Simeon a rumfa, na durƙusa na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi kasuwa, sannan na roƙe shi ya gaya mini inda Goggo ta kwana. Na zaci zai ɓoye. Bai ɓoye ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da fara'a ya yi mini bayani, kamar mai nuna sabuwar dabara.

“Kin san kwandon nan in an ɗaure ba a buɗewa. Ka buɗe ka duba, iskan ya fita, aikin ya lalace, sai ka sake sa wani dutse. Kullum da ka muke yi. Wani lokaci ka buɗe bai yi ba, wani lokaci ya wuce ya ruɓe. To na ce tunda abin nan yana kuka, me zai hana ya zauna ciki ya riƙa gaya mini? Na manna idonsa a jikin babban guda ɗaya, na ɗaure wurin dannawan da robar tayar keke, na sa a tsakiya, na rufe.”

Na tambaye shi ko ya ji muryarta.

“Sosai ma. Ƙit-ƙit, ƙit-ƙit, har ya dame ni. Yini guda da kwana yana yi. Da ya yi shiru na san kaya sun yi, na buɗe. Kuma sun yi kyau, matarmu, ranar kafin azahar sun ƙare.”

Jama'a, ku dubi wannan mutuwa. An ɗaure ta a cikin duhu, cikin zafi da tururi, an manna idonta a jikin ƙarya, an danne bakinta ta yadda ba za ta iya hutawa ba. Ita kuwa ba ta canja magana ba. Bai nuna ba, bai nuna ba, bai nuna ba, tun da ƙarfinta har ya ƙare. Mutumin da ke zaune a bakin kwandon ya ji kowace kalma, ya jira ta mutu, sannan ya ɗauki shirunta a matsayin amincewa. Mangwaron da ta mutu tana ƙaryatawa shi aka sayar a ranar, kuma wani kaso nasa ya iso ƙofar makarantarmu a tiren Hajiya Aisatu, wadda ta saya ba gwaji saboda kayan surukin Malama ne.

Ban ɗaga murya a rumfar ba. Na yi masa sallama yadda ya kamata, na hau keke na dawo. Shekara ashirin da wani abu ina koyarwa, ban taɓa riƙe bulala ba, yaron da ya fasa mini gilashin gwaji nakan tambaye shi ko bai yanke ba kafin in tambayi gilashin. Da a ce Goggo faɗuwa ta yi a kogi, ko akuya ta taka ta, ko wani ɗalibi ya yar da ita, da yanzu na share hawaye na rubuta wa Abbo na ba shi haƙuri. Amma a ara abin da aka yi don kare cikin yara, a sa shi gadin guba, wannan ban san inda zan ajiye shi a zuciyata ba. Na nema, ban sami wurin ba.

Bayan kwana biyu aka aiko mana da kwandon mangwaro daga rumfar, wai na ban haƙuri. Rawaya shar. Ina tsakar gida Murna ta miƙa hannu za ta ɗauka, na buge hannun. Ban taɓa dukanta ba sai ranar. Ta tsaya tana kallona, ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Na haƙa rami a bayan gida na binne kwandon duka, don ko awaki ban yarda su ci ba.

Labarin ramin ne ya kai ga zaman dangi, inda na ce musu zan rubuta wannan sanarwa. An ce na binne kyautar babba, abin da ba a taɓa yi ba a gidan. An ce inji ne, ba mutum ba. An ce kowa a kasuwa haka yake yi, don me za a ware mutum ɗaya. An ce rufin asirin gida ya fi gaskiyar waje. Yaya Simeon da kansa ya ce a bar ni, ɓacin ran mata ba ya kwana uku. Da muka dawo gida na fara rubutu, Baban Murna ya karanta, sannan ya ce:

“Maman Murna, duk abin da kika rubuta haka ne. Ki cire sunan Yaya kawai.”

Na ce masa in na cire sunan, Hajiya Aisatu za ta koma rumfar ranar Asabar, domin har yanzu a wurinta kayan surukin Malama ne. Ya miƙo mini takardar. Mutumin kirki ne, wansa ne ya biya masa makaranta, na san nauyin da ke kansa. Ban ce ya zaɓa tsakanina da jininsa ba. Na dai ce yaran da ke cin mangwaron nan su ma jinin wasu ne, kuma ni aka ba amanarsu daga safe zuwa tashi.

A irin wannan sanarwa akan ce Mai bayarwa ne ya karɓi abinsa. Ba zan jingina wa Ubangiji aikin robar tayar keke ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar wayar cajinta, wadda har yanzu tana rataye a ƙusa ba ta san abin da ya faru ba. Ta bar kwalinta na Zariya. Jakarta da tsummanta ba a gan su ba, duk wanda ya tsince su a wajen Mayo Gwoi ya taimaka. Ta bar ƙannenta a ɗakin gwaji, tsohon sikeli mai ƙafa uku da ma'aunin ruwan sama, waɗanda ba su da bakin magana. Ta bar 'yan ƙungiyar matasa manoma na makarantarmu, da bishiyoyin gwanda da suka shuka suna jiran ta gaya musu ranar tsinka. Ta bar Hajiya Aisatu da matan ƙofa, ta bar Abbo wanda na kira na gaya masa komai, ta bar ni.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Siddiq ya riga ya cire batirin zai kai inda ake tara irinsa, domin ba a binne batir a ƙasar da ake shuka. Ranar Juma'ar farko bayan an dawo hutu za a ajiye gawar a kan tebur a ƙofar makaranta, lokacin tara, domin ɗalibai da masu tire da iyayen da suka sami dama su yi mata kallon ƙarshe. Hamna za ta faɗi tarihinta. Bayan haka, da yake babu mai cewa ƙit kuma, zan nuna wa kowa abin da ido da hanci za su iya kamawa: rawayan da ya yi daidai ko'ina amma jiki da tauri, rashin ƙamshi a wurin tsinka, farin gari a ɓawo, da naman da ya yi fari kusa da ƙwallo. Ba su kai Goggo ba, amma su suka rage mana. Daga nan za a kai ta akwatin gilashi na ɗakin gwaji, inda za ta kwanta da takarda a gabanta mai ɗauke da sunanta da abin da ya kashe ta.

Ana karɓar gaisuwa a gidana a Majidaɗi bayan la'asar. Don Allah kada a zo da 'ya'yan itace. Baban Murna bai ce zai halarta ba, bai kuma ce ba zai halarta ba. Na dai wanke farar rigarsa na goge.

An keɓe wa Yaya Simeon kujera a sahun gaba, a inuwa, kamar yadda ya dace da babba. In ya zo zan durƙusa in gaishe shi a gaban kowa. Sannan zan miƙa masa wuƙa da faranti da mangwaro ɗaya wanda za a sayo daga rumfarsa da safiyar ranar, in roƙe shi da ladabi ya yanka ya ci, yara suna kallo. In bai zo ba, farantin zai zauna a kan kujerarsa har a tashi.

Mai sanarwa,
Malama Judith Timoti,
a madadin 'yan ajin noma.